Mu Fitar Da Yara Daga Aji Su Dubi Sama

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata tambaya wadda babu ɗayanmu da zai kuɓuce mata ranar da ya ɗauki alli ya tsaya gaban aji. Ko ba daɗe ko ba jima wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ke kawo sanyin hunturu, me kuma ke kawo damina?" Amsar da muka ba shi ita zai riƙe har tsufansa, ita kuma zai ba nasa 'ya'yan. Saboda haka na roƙi Edita ya ba ni fili in faɗi abin da ni ke gani game da yadda a ke koyar da wannan darasi, da yadda ya kamata a koyar da shi.

Ga ra'ayina a gajarce. Darasin lokatan shekara na filin makaranta ne, allo da littafi mataimaka ne kurum. Ina so ko wace makarantar firamare ta kafa sanda guda a fili, ta ajiye littafi guda na rubuta tsawon inuwarta, kuma a koya wa yara taurarin da ke bisa kansu da sunayen da kakanninsu suka san su da su. Ina so kuma kwalejinmu ta horar da mu a kan wannan tun muna nan, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu biyu na ga suna ɓata wannan darasi a makarantun da a ke tura mu gwajin koyarwa. Na fari, akwai littattafan da ke lissafa wa yaro lokatai huɗu na ƙasar Turai, da hoton dusar ƙanƙara da na itatuwa masu jan ganye. Yaron Jos Jarawa ya haddace su sarai, ya ci jarrabawa, amma ko kusa bai ga alaƙarsu da bazara da damina da kaka da hunturu waɗanda ya ke ji a jikinsa ba. Na biyu ya fi muni. A wata makaranta na tambayi 'yan aji shida dalilin sanyin Disamba, sai yawancinsu suka ce wai duniya ce ta yi nisa da rana. Da na bincika, na tarar haka aka faɗa musu. Maganar tana da daɗin ji, gama kowa ya san wanda ya matsa kusa da murhu ya fi jin ɗumi. Amma ba haka al'amarin ya ke ba.

Gaskiya ne hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce, tana da ɗan tsawo. Wani Bajamushe masanin taurari mai suna Kepler ya bayyana haka cikin 1609. To, amma yaushe mu ke kusa da rana? Cikin makon fari na Janairu, lokacin da mu a nan Jos ba mu rabuwa da bargo da rigar sanyi. A sa'an nan tsakaninmu da ita wajen kilomita miliyan 147 ne. Cikin makon fari na Yuli kuwa mu ke fi nisa, wajen kilomita miliyan 152. Bambancin bai wuce kashi 3 cikin 100 ba sai da kaɗan. Ga kuma wata shaida wadda ko yaro zai gane: cikin Disamba, sa'ad da mutanen Ingila ke fama da ɗari, mutanen Afirka ta Kudu suna tsakiyar lokacin zafinsu. Duniya ɗaya ce, nisanta da rana ɗaya ne a wannan rana. In nisa ne dalili, ai da tare za su ji sanyi.

Ainihin dalilin shi ne karkata. Duniya tana juyawa a kan kanta sau ɗaya ko wace rana, kamar yadda mazari ke juyawa a hannun mai kaɗi, amma mazarin nan ba a tsaye sak ya ke ba, ya karkata da digiri 23 da kusan rabi. Kuma duk tsawon shekara kansa yana nuna wuri guda a sama, watau wajen tauraron arewa. Don haka cikin Yuni rabin duniya na arewa ke sunkuya wa rana, cikin Disamba kuwa na kudu. Ranar 21 ga Yuni, ko kusa da ita, rana ta kan kai iyakar tafiyarta arewa, ranar 21 ko 22 ga Disamba ta kai iyakarta kudu. Wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba ta kan tsaya bisa Ikwaita, layin nan da ya raba duniya biyu, dare da rana su yi kusan daidai ko'ina.

Nuna wannan a aji ba ya bukatar kuɗi. A sami lemo, a soke shi da tsinke, a ajiye fitila tsakiyar ɗaki, a sa yaro ya kewaya ta da lemon yana riƙe da tsinken a karkace, kansa na nuna kusurwa guda ta ɗakin ko ina ya je. A kuma haska tocila a bango, da fari kai tsaye, sa'an nan a karkace. Yara za su ga hasken da ya sauka kai tsaye ya taru wuri guda da ƙarfi, wanda ya zo a karkace kuwa ya bazu ya yi rauni. Haka zafin rana ya ke a kan ƙasa.

Amma abin da ya fi lemo da tocila shi ne ita ranar kanta, domin mu Allah ya ba mu abin da yaron London ba zai taɓa gani a garinsu ba. Jos tana kusan digiri 10 arewa da Ikwaita, saboda haka sau biyu a shekara rana ta kan bi ta tsakar kanmu sosai: wajen 15 ko 16 ga Afrilu sa'ad da ta ke tafiya arewa, da wajen 27 ko 28 ga Agusta sa'ad da ta ke komowa. A waɗannan ranaku, da tsakar rana, sandar da ke tsaye sak ba ta da inuwa, kuma hasken rana ya kan sauka har ƙasan rijiya. Kano tana digiri 12, nata ranakun su kan zo wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta. Legas kuwa tun wajen 6 ga Afrilu ta ke ganin nata.

Ga yadda za a yi. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a wuri mai baje, a gwada ta da zare da ɗan dutse a tabbata ta tsaya daidai. Ko wace ranar Litinin a sa yara biyu su auna inuwarta a lokacin da ta fi gajarta, su rubuta tsawonta da wajen da ta nufa. A lura, tsakar rana ta gaskiya a Jos ba ƙarfe 12 na agogo ba ce. An daidaita agogon Nijeriya da layin da ke digiri 15 gabas, mu kuwa muna wajen digiri 9, don haka rana ta kan kai tsaka a nan bayan sha biyu, yawanci da minti ashirin da wani abu, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan, wani lokaci sama. In aka yi shekara ana wannan aiki, ga abin da littafin zai nuna: ƙarshen Disamba inuwa ta nufi arewa, tsawonta wajen santimita 66. Cikin Maris, ranar da dare da rana suka daidaita, ta koma wajen 17. Tsakiyar Afrilu ta ɓace. Daga nan ta ɓullo ta kudu, tana ƙaruwa har wajen santimita 24 a ƙarshen Yuni, sa'an nan ta soma raguwa, ta sake ɓacewa ƙarshen Agusta, ta koma arewa. Yaron da ya auna wannan da hannunsa ba mai iya ruɗe shi kuma. Gani ya kori ji.

Akwai aiki na biyu wanda mu mutanen wannan gari muka fi kowa samun sauƙinsa, saboda duwatsun da suka kewaye mu. Daga unguwarmu Jos Jarawa, in ka dubi gabas, wajen duwatsun Shere, ba za ka rasa wani tsauni ko ƙaton dutse da za ka yi alama da shi ba. A ce wa ko wane yaro ya zaɓi wuri guda a ƙofar gidansu, ya riƙa tsayawa nan sau ɗaya a wata da sassafe, ya zana inda rana ta ɓullo. Zai ga cikin Yuni ta kan fito arewa da gabas da wajen digiri 24, cikin Disamba kuma kudu da gabas da kamar haka. Sai dai a gargaɗe su ƙwarai kada su ƙura wa rana ido, gama tana lalata gani.

Tsawon yini ma yana sauyawa, ko da ya ke a nan kaɗan ne. Yini mafi tsawo a Jos wajen awa 12 da minti 40 ne, mafi gajarta wajen awa 11 da rabi. A London kuwa na Yuni ya wuce awa 16 da rabi, na Disamba bai kai awa 8 ba. Wannan shi ya sa lokatansu na zafi da sanyi ne, namu kuwa na ruwa da fari. Wanda ya fassara lokatansu huɗu ya ɗora a kan namu ya haɗa abin da bai haɗu ba.

To, yaya tafiyar rana ke kawo mana ruwa? Iska biyu ke ja-in-ja a kan ƙasarmu. Ɗaya ta kan taso daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗaya kuwa ta kan taso daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya, ita ce ke kawo mana hazo, mai yawa daga cikinsa daga wani kwari da a ke kira Bodele a ƙasar Cadi. Inda rana ta fi gasa ƙasa nan iska ke tashi sama, ta bar gurbi, iskar teku ta shigo ta cike. Don haka mahaɗar iskokin nan tana bin rana a baya, kamar maraƙi da uwarsa. Rana ta yi arewa, ruwa ya biyo ta: ya sauka bakin teku tun Maris, ya iso mana Jos cikin Afrilu, ya kai Kano da Katsina da Maraɗi wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Rana ta juyo, ruwa ya ɗauke a can arewa wajen ƙarshen Satumba, mu kuwa ya kai mu Oktoba. Shi ya sa daminarmu ta fi ta Kano tsawo.

Yaro mai kaifin hankali zai ce, "Malam, in rana tana tsakar kanmu cikin Agusta kamar yadda ta ke cikin Afrilu, don me Agusta ke da sanyi?" Kada mu tsawata masa, tambayar ta yi kyau. Amsa ita ce gajimare da ruwan da ke jiƙa ƙasa sun tare zafin. Cikin Maris da farkon Afrilu kuwa rana ta kusa tsaka, sama kuma ba mayafi, shi ne zafin bazara. Sanyin Disamba da Janairu dalilinsa uku ne: rana ta karkata kudu, iskar Sahara ta bushe sama har zafin da ƙasa ta tara da rana ya kan tsere da dare, sa'an nan ga tudu. Jos tana wajen mita 1,200 bisa teku, ƙololuwar Shere kuwa mita 1,829, kuma duk hawan mita 1,000 zafi ya kan ragu da wajen digiri 6. Saboda tudun nan ne dankalin Turawa ke yi a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi.

Yanzu bari mu juya ga dare. Tun da ya ke duniya tana kewaya rana, gefen sama da mu ke fuskanta da dare yana sauyawa da sannu. Ko wane tauraro ya kan fito yau da wuri fiye da jiya da kusan minti 4, watau awa 2 a wata, har shekara ta kewayo ya komo inda ya ke. Taurari ke nan sun zama kalanda wadda ba ta yagewa.

Mu fara da Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya. Cikin Nuwamba, lokacin da dawa ke nuna, ta kan fito gabas da faɗuwar rana. Tsakiyar Janairu, wajen ƙarfe takwas da rabi na dare, tana bisa kai, ta ɗan karkata arewa. Ƙarshen Afrilu, sa'ad da manomanmu ke shuka, sai a gan ta can ƙasa yamma bayan magariba. Cikin Mayu ta ɓace cikin hasken rana, sai wajen tsakiyar Yuni ta sake ɓullowa gabas da asuba. Ido ya kan ga 'ya'ya shida ko bakwai. Galileo, mutumin Italiya, ya dube ta da madubin hangen nesa ya zana taurari 36 cikin littafin da ya fitar a 1610, masanan yau kuwa sun ƙirga fiye da 1,000. Hasken da mu ke gani daga gare ta ya yi wajen shekara 440 yana tafiya kafin ya iso idonmu.

Bayan Kaza sai taurarin nan uku da ke jere, Mafarauci da Kare da Zomo, cikin ƙungiyar da Turawa ke kira Oriyon. Suna da amfani ga matafiyi, domin daidai gabas su ke fitowa, daidai yamma su ke faɗuwa. Farkon Fabrairu, wajen ƙarfe tara, suna kusa da tsaka. In ka bi layinsu ta kudu maso gabas za ka iske tauraron da ya fi dukan taurarin dare haske, Shi'ira a bakin Larabawa, wanda mutanen Masar na dā ke sa ido ga fitowarsa da asuba domin ta kan zo kusa da lokacin cikar kogin Nilu. Cikin Afrilu da Mayu, in hadari ya ba da sarari, a dubi kudu can ƙasa za a ga taurari huɗu kamar gicciye, waɗanda ba a ganinsu daga Ingila ko kaɗan. A arewa kuma ga taurari bakwai masu kamar ludayi. Biyun da ke bakin ludayin suna nuna tauraron arewa, wanda ba ya barin wurinsa. A Jos tsayinsa daga ƙasa kamar dunƙulen hannu guda ne in ka miƙe hannunka, watau digiri 10, daidai nisanmu da Ikwaita. Cikin Yuli, tsakiyar damina, Kunama ce ke kudu da jan tauraro a ƙirjinta, kuma ba a taɓa ganinta a sama sosai tare da Mafarauci, in ɗaya ya hau ɗaya ya sauka.

Sai dai a koya wa yara bambanci, ba ko wane mai haske a ke auna shekara da shi ba. Gamzaki na asuba da Zara ta almuru abu guda ne, duniya ce 'yar'uwar tamu mai kewaya rana, kuma sai ta yi kwana 584 ta ke komowa yadda ta ke, don haka ba ta bin damina. Wata ma haka. Watanni 12 na ganin wata kwana 354 ne, sun gaza shekarar rana da wajen kwana 11. Shi ya sa azumin Ramadan ya faɗo cikin Yuni da Yuli a 2015, ya kuma faɗo cikin Maris a 2025. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin haka, shi ya sa domin noma su ke da wani lissafi dabam na taurari 28, masu sunaye irin su Surayya, Dabaran, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Ɗarfa da Jabha. Ko wane yana da kwana 13, ɗaya kaɗai ke da 14. Ku lissafa: 27 sau 13, a ƙara 14, ya ba da 365. Ashe ilmin nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

Na san za a kawo mini hujjoji, kuma waɗansunsu suna da nauyi. Wani zai ce ilmin taurari ai duba ne da bokanci, iyaye ba za su yarda ba. Tsoron nan yana da tushe, domin akwai masu cin kuɗin mutane da sunan tauraronsu. Amma abin da ni ke kira gare shi awo ne da ƙirga, ba ya faɗa wa kowa wanda zai aura ko ranar da zai mutu. Littafin Ayuba ya ambaci Kaza da 'Ya'yanta da Mafarauci cikin ayyukan Mahalicci, 'yan'uwanmu Musulmi kuwa da inuwa su ke sanin shigar azahar da la'asar tun kafin agogo ya zo. Ina ganin ma yaron da ya san dalilin fitowar tauraro da ɓacewarsa shi ne zai fi wuyar faɗawa hannun ɗan duba.

Wani zai ce, to, in taurari kalanda ne, sai manomi ya dogara gare su ya yi shuka? A'a. Kaza ba ta kawo ruwa, lokacinta ne kurum ya dace da na ruwa. Ita ba ta makara, ruwa kuwa ya kan makara, ya kan kuma yi sammako, wani lokaci ya sauka sau ɗaya ya ɗauke iri ya ƙone. Taurari su kan gaya maka inda shekara ta kai. Labarin ruwan bana kuwa sai wurin masu awon iska da zafin teku, irin hukumar NiMet wadda ke fitar da hasashen damina ko wace shekara. Dole mu koya wa yara su rarrabe biyun nan, in ba haka ba mun musanya musu kuskure da kuskure.

Wani kuma zai ce ba a tara yara da dare a wannan zamani. Wannan gaskiya ce, duk wanda ya zauna Jos ya san akwai lokatan da dokar hana fita ta tsare kowa a gida, kuma ba uban da zai so ɗansa ya yi yawo cikin duhu. Amma ba na roƙon a tara kowa. Aikin sanda da rana a ke yinsa. Na taurari kuwa aikin gida ne: yaro ya tsaya tsakar gidansu bayan cin tuwo, ya zana abin da ya gani, ya kawo da safe. Makarantun kwana sun fi kowa sauƙi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama, kafin hazo ya rufe ta.

Saura masu cewa ba kayan aiki, ba kuma lokaci, ga jarrabawa. Kayan aikin sanda ne da zare da ma'auni. Lokacin kuwa minti goma ne a mako. Cikin minti goman nan yaro ya koyi awo, da rubuta lamba daidai, da zana jadawali, da haƙurin jiran sakamako, waɗanda duk jarrabawa ke nema. Ga misalin abin da manyan ajujuwa za su iya. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, wani masani mai suna Eratostenis, mai kula da ɗakin littattafai na Iskandariyya, ya ji labarin ranar da rana ke tsaka a Aswan, ya auna inuwa a garinsu a wannan rana, ya sami kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, da haka ya lissafa kewayen duniya. Kano tana kusan daidai arewa da Jos. Ranar da inuwa ta ɓace a nan, sanda mai mita 3 a Kano za ta yi inuwar wajen santimita 11. In aka zana wannan a takarda aka auna kusurwar, za a sami digiri 2 da ɗan ɗori, watau wajen kashi ɗaya cikin 173 na da'ira. Tsakanin garuruwan biyu, tafiyar tsuntsu, kilomita 230 ne da 'yan kai. A ninka, sai ga wajen kilomita 40,000, kewayen duniya ke nan. Malamai biyu masu wayar hannu, ɗaya a nan ɗaya a can, sun isa shirya wannan.

Abin da ya sa ni ke ganin maganar ba ta jira shi ne, masu sanin sama suna ƙarewa. Dattawan Jarawa da Birom da Anaguta da Angas da Hausawa da Filani waɗanda suka yi ƙuruciyarsu suna hira a farin wata suna da sunayen taurari a harsunansu, jikokinsu kuwa idonsu na kan waya, fitilun gari kuma sun dushe sama. Ina roƙon ko wannenmu, in ya je hutu, ya zauna da tsoho guda ko tsohuwa, ya tambayi sunayen da lokacin fitowarsu da aikin gonar da a ke yi a sa'an nan, ya rubuta, ya kawo a buga a wannan mujalla. Da tsohuwar zuma a ke magani. Ƙasarmu ta kafa hukumar binciken sararin sama cikin 1999, an harba mata tauraron ɗan Adam na fari cikin 2003, cibiyar nazarin hotunan da irin waɗannan taurari ke ɗauka kuwa a nan Jos ta ke. Masu aiki a wurare irin waɗannan gobe suna zaune a kan bencin aji uku yau, kuma a hannunmu za su fara.

Saboda haka ina roƙon Shugaban kwaleji da malamanmu na kimiyya da labarin ƙasa su ba mu izini mu kafa sanda ta fari a filin kwalejin nan, a raba mana makonni, kowa ya ɗauki nasa, domin kada wani ya karɓi takardar shaida bai taɓa auna inuwa ba. Ku kuma 'yan'uwana, ku rubuta 15 ga Afrilu da 27 ga Agusta a bangon littafinku. Duk makarantar da aka tura ku, in ranar ta zo, ku fitar da yara fili da sha biyu ta gota, ku bar su su nemi inuwar sanda da kansu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da za a ɗora mana, amin.